Shekarar da Na Kai Fiyano Gona

Ku 'ya'yana, akwai wata ƙarya da kuke yawo da ita a kaina, kuma tunda har jikoki sun fara haddace ta, gara in gyara da hannuna. Duk inda aka taru biki sai ɗayanku ya miƙe ya ce wai da waƙa Baba ya sami Mama, wai na riƙe makirfo na rera mata baiti biyu sai ta biyo ni. Kai jama'a! Uwarku ce za ta bi mutum don baiti biyu? Ku da kuka tashi a hannunta, kun taɓa ganin daɗin baki ya sa ta ajiye abin da take yi? To ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakin Bulus da abin ya faru a kansa.

A bariki aka haife ni, a bariki na girma. Kakanku Saje Ayuba soja ne, yau Kaduna, gobe Legas, jibi wani wurin, sai da aka sallame shi ya tattaro mu muka dawo Zuru, shi da ƙarfe a gwiwar hagu da ya samo wajen yaƙi, ni kuma da wata tsohuwar fiyano da na saya a hannun wani makaɗin coci. C'lela kuwa, yaren iyayena, gaisuwa kaɗai na iya, ita ma in na yi sai tsofaffi su kama dariya. A nan na haɗu da Danjuma mai ganguna, shi ma ɗan soja, da Sani mai jita, ɗan wani Basakkwace mai shagon atamfa a kasuwa. Mu uku muka haɗa kai, ni ke waƙa ni ke fiyano. Ba mu raɗa wa kanmu suna ba, mutanen gari ne suka sa mana 'Yan Girgiza, don in muka fara ba mai iya zama. Kiɗanmu na rawa ne irin na zamani, mai zafi. Akwai wani maɓalli a jikin fiyanon, in ka danna sai saurin kiɗan ya ƙaru, ni kuwa yatsana ba ya rabuwa da shi. Bikin Kirista, bikin Musulmi, suna, fatin sallamar ma'aikaci, daga Mahuta har Wasagu, in ba mu je ba amarya sai ta ce an raina ta. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba, ban ɓoye muku.

Kakanku kuwa bai taɓa zuwa ya ji mu ba ko sau ɗaya. In na fito da kaya zan ɗora wa ɗan kabu-kabu, yana zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafar nan tasa, sai ya ce:

"Ɗan soja da roƙo. To Allah ya kyauta."

"Baba, ba roƙo ba ne, sana'a ce."

"Sana'ar da ake yi ana kaɗa ƙugu? Wuce ka ba ni wuri."

A wani biki a Dabai na fara ganin uwarku. Fili ya cika, har matan da ke tuƙa tuwo sun bar muciya sun shigo, amma ga wata malamar firamare zaune a kan benci ta harɗe hannu tana kallona kamar na zo ajinta ban yi aikin gida ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da muka tsaya shan ruwa na je na ce, "Malama, ƙafa ce ke ciwo?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙafata lafiya lau. Kiɗanku ne kamar ana korar akuya daga gona." Wallahi tun daga ranar na rasa sukuni. Na yi ta zarya Dabai har uwarku Rifkatu ta fara ba ni kujera, daga kujera ta fara ba ni ruwa, bayan shekara guda ta ce to in turo manyana.

Mahaifinta Baba Tanko manomi ne na kan tudu, dattijon coci, ba ya magana biyu. Ya karɓi mutanenmu da fara'a, ya ce ya ji ya gani, amma shi 'yarsa sai da golmo. Ku 'yan yanzu ba ku san golmo ba sai a baki. Noma ne da saurayi ke yi wa surukinsa, ya tara abokansa su je su nome gonar uban yarinya, a da har shekara bakwai ake yi. Baba Tanko ya ce shi ba zai wahalar da ɗan bariki ba, damina ɗaya ta ishe shi, noman fari da maimai. Na ce a raina, wannan ai sauƙi ne. Ni da nake tsayuwa awa biyar a bayan fiyano, fartanya ce za ta gagare ni?

Ranar noman fari muka hau tudun mu uku, da sababbin fartanyu da takalman zuwa biki. Gonar dawa ce, an tsarma wake a tsakani, ta taso daga bakin wata ƙorama ta hau har gindin duwatsu, in ka tsaya a ƙasa ba ka hango ƙarshenta. Kafin hantsi bayana ya ƙage. Danjuma ya kwanta ƙarƙashin ɗorawa yana kiran sunan uwarsa. Sani ya buɗe tafin hannunsa, duk bororo, ya ce:

"Bulus, dubi abin da ka yi man! Da mi za ni kaɗa jita ran Asabar? Kai ka son ɗiyar mutane, ni ka mutuwa!"

Da la'asar Baba Tanko ya zo ya zagaya ɗan abin da muka yi, kunyoyi ne da ba su kai goma ba, su ma a karkace. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, ya jira muka cinye tas, sannan ya ce da Hausarsa a hankali:

"Noman fari ni da 'ya'yana za mu ƙarasa. Saura maimai. Gonar golmo rana ɗaya ake gama ta. In rana ta faɗi ba ka gama ba, sai baɗi."

Na koma gida na kasa cin abinci. Baɗi! Shekara guda cur, ga samarin Dabai masu damtse suna ta gaishe da Malama a hanyar makaranta. 'Yan golmo kuwa tun suna yara suke tafiya tare, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Ni ban taɓa yi wa kowa noma ba, wa zan kira ya zo ya yi mini? Kwana uku ina juya abin, sai dabara ta faɗo mini, kuma har yau ina cewa dabarar ba ta da laifi. Ba ni da 'yan noma, amma ina da 'yan rawa. Duk bikin da muka je a makonnin nan, kafin mu tashi sai in ɗauki makirfo in yi shela: ranar kaza 'Yan Girgiza za su yi wasa kyauta a gonar Baba Tanko, tun safe har yamma, tikitin shiga kuwa fartanya.

Ranar ta zo. Kabu-kabu suka kai mana kaya iyakar inda hanya ta tsaya, daga nan muka ɗora janareto da lasifiku a ka muka hau. Da muka isa sai na ga abin da ya fi ƙarfin tsammanina. Samari sun fi arba'in, wasu daga cikin gari, wasu daga ƙauyukan kan tudu, kowa da fartanyarsa a kafaɗa. 'Yan mata sun zo da bokitan kunu, uwarku na cikinsu ta ɗaure fuska. Muka kafa kaya ƙarƙashin ɗorawa, maza suka jeru a bakin ƙorama kowa da kunyarsa, Danjuma ya ja janareto, na ɗora hannu a fiyano na saki kiɗan da ya fi kowane zafi a wajenmu.

Abin da ban sani ba, ɗan bariki, shi ne a ƙasarmu fartanya kiɗa take bi. Kowane bugun ganga sara ɗaya ne, haka suka tashi suka gani. Ni na ɗauka za su yi nomansu ne suna jin kiɗa don nishaɗi, ashe umarni nake ba su. Sai ga maza arba'in suna sara kamar an cinna musu wuta, ƙasa na tashi sama, ana ihu, 'yan mata na guɗa. Na ga ana gudu sai daɗi ya kama ni, na ƙara danna maɓallin. Wani ƙato a gaba ya tsere wa kowa, ni kuma shi nake kallo ina yi masa kirari a makirfo. Ba a yi awa ɗaya ba layi ya watse. Na gaba sun yi nisa, na baya sun tsaya sun dafa ƙugu, wasu sun yar da fartanya sun zube a inuwa suna haki. Inda aka bi kuwa, ciyawa na nan a tsaye, wake an binne shi, dawa ma wata an sare ta.

Ban ga zuwan Baba Tanko ba, sai kawai na ji mutum a bayana. Na ce shi ke nan, janareton zai kashe ya kore mu. Ashe shi ma a ƙuruciyarsa makaɗin golmo ne, ban sani ba sai daga baya. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce:

"In kana kiɗa, wa kake kallo?"

"Masu rawa, Baba."

"Wane daga ciki?"

"Wanda ya fi zafi."

"A gona na ƙarshe ake kallo. Shi ake yi wa kiɗa. Duba can."

Na bi yatsansa da ido zuwa can ƙasa, kusa da ƙorama, inda aka faro. Wani tsoho ne shi kaɗai, an bar shi a baya nesa, da tsohuwar hular soja, yana sara ɗaya ya jawo ƙafar hagu, ya sake sara ya jawo ƙafa. Kunyarsa fes, ko tsinken ciyawa babu. Na ƙura masa ido. Kakanku Saje Ayuba ne. Ban gaya masa ranar ba, ban roƙe shi ba, ban ma san yana da fartanya ba. Mutumin da bai taɓa taka ƙafa wurin wasana ba, ya hau tudun nan da ƙarfe a gwiwa tun kafin mu iso, ya shiga layi cikin yara, ni kuwa awa guda ina yi wa wani ƙato kirari ban gan shi ba. Hawaye suka cika mini ido, ina riƙe da makirfo a gaban jama'a.

Baba Tanko ya ɗora tafinsa a kafaɗata ya fara bugawa a hankali, daidai da saran tsohon. Na shiga rage saurin kiɗan, ina ragewa, ina ragewa, har ya zo daidai da hannunsa. Danjuma ya harare ni, don a wurinmu wannan kiɗan jana'iza ne, amma ya bi. Sani ya sassauta jita. Baba Tanko ya ɗaga murya ya yi wa samarin magana da C'lela, sai na ga na gaba sun juyo, na inuwa sun tashi, duk suka koma ƙasa suka jeru kafaɗa da kafaɗa da kakanku, aka sake ɗaukar inda aka ɓata. Daga nan ne na ga noma. Fartanya arba'in na sauka lokaci ɗaya, ƙararsu ta zama wata ganga ta daban. Wani ya ɗauko waƙar golmo, sauran suka amsa, na lalubo ta a fiyano na bi su, Sani ya yi mata ado da jita. Ban taɓa jin daɗin kiɗa kamar na ranar ba. 'Yan matan ma rawar da suka yi a gefen gona ta fi ta kowane biki, kuma na ga uwarku da idona tana kaɗa kafaɗa, ko da yake har gobe tana musu.

Aka sha kunu, aka ci tuwo, aka koma. Sai dai safiyar da na ɓata ba ta dawowa. Da la'asar ta yi sanyi na ɗaga kai na auna rana, na auna abin da ya rage zuwa gindin duwatsu, na san da wannan tafiyar ba za mu kai ba. Saura kaɗan ne fa, ba yawa. In na ƙara sauri na rabin awa, samarin nan suna da sauran ƙarfi, kuma yanzu hannunsu ya faɗa, za su cinye ta. Su ma sun gani, suna ta waiwayena. Sani ya matso yana kaɗa jita yana magana ta gefen baki:

"Mi kaka jira? Rana za ta hwaɗi! Ƙara mai wuta, Bulus, mata ta za ka rasawa!"

Na ɗora yatsa a kan maɓallin. Na dubi layi. Kakanku na tsakiya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafar ta fara rawa, amma yana nan daidai da kowa, ba a bar shi ko taku ɗaya ba. Har waƙar yake amsawa, shi da ban taɓa jin muryarsa a waƙa ba ko a coci. In na danna, a gaban idon mutanen nan duka za a wuce shi a bar shi shi kaɗai, karo na biyu a rana ɗaya, kuma ɗansa ne zai yi masa. Na dubi inda uwarku take tsaye da bokiti. Na ɗauke yatsana.

Rana ta faɗa bayan duwatsu saura kunyoyi bakwai. Baba Tanko ya taka ya je ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ya dawo ya gode wa samarin, ya riƙe hannun kakanku da hannu biyu ya daɗe yana gaishe shi. Na ce a raina, ai ko don wannan zai yafe. Sai ya juyo gare ni ya ce:

"Noma ya yi kyau. Kiɗa ma ya yi kyau. Gona ba ta ƙare ba. Sai baɗi."

Ku kun san zuciyata. Na ji kamar in ɗaga fiyanon in rotsa ta a kan dutse. Kunyoyi bakwai! Shi da kansa ya sa na rage kiɗan, shi kuma ya ƙirga mini abin da ya rage! Na buɗe baki zan yi magana, kakanku ya damƙi wuyan hannuna da irin riƙon nan nasa na soja, ya ce in zo in taimaka masa ya sauka. Samari suka ɗauki kaya suka yi gaba, mu biyu muka biyo baya a hankali, ya rataya hannu a wuyana, nauyinsa duk a kaina. Sai da muka yi nisa sannan ya ce:

"Na ga ka kai hannu za ka ƙara sauri. Me ya hana ka?"

"Ku ne, Baba."

"Wawa. Da ka ƙara, ai zama kawai zan yi. Ka yar da shekara guda a banza."

Raina ya ƙara ɓaci. Muka sake 'yar tafiya, ya tsaya ya huta, yana kallon gonar daga nesa. Ya ce:

"Amma tun da aka sallame ni ban sake tafiya layi ɗaya da maza ba sai yau. Wannan abin naka, yaya ma sunansa?"

"Fiyano, Baba."

"To ba laifi."

Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan, kuma ya ishe ni. Amma uwarku ce damuwata. Tana tsaye a gindin tudu inda kabu-kabu ke jira, ta kife bokiti ta zauna a kai. Ta durƙusa ta gaishe da kakanku, ta jira aka ɗora shi a mashin, sannan ta juyo kaina. Na shirya jin cewa ta gaji, ba za ta zauna jiran ɗan bariki shekara guda ba, kuma da ta faɗi haka ba zan ga laifinta ba.

"Shekara guda, Bulus! Ɗinkin biki na riga na kai wa tela. Ka san irin dariyar da za a yi mini a makaranta?"

"Ki yi haƙuri, Malama."

"Haƙurin me? Tun farko wa ya ce ka kori mutane da kiɗa kamar akuyoyi? Ban gaya maka ba?"

Ta yi ta yi, kuma gaskiyarta ce. Da ta gaji ta ɗauki bokitinta ta ɗora a ka, ta yi taku biyu, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba ta ce:

"Ina kallonka lokacin da ka ɗora yatsa a wurin nan. Da ka danna, da yau Baba ya ba ka ni, ni kuma da ban zo ba. Baɗi ka zo da fartanya, ka bar wa Danjuma kiɗan."

Haka kuwa aka yi. Sauran daminar nan har kaka duk gonar da aka kira gayya sai na je na yi wa mutane aiki, har na sami waɗanda za su yi mini. Da damina ta zagayo na shiga layi da kaina, muka gama gonar rana na sama. Bayan girbi aka ɗaura mana aure a cocin ƙauyensu, da zan sa mata zobe ta kama hannuna ta juya tafin, ta shafa kantar da fartanya ta yi mini, ta ce a hankali yadda fasto ba zai ji ba, "Yanzu ka zama mutum."